Abin da na tsinta a hirar kwancin kaza

Ranar sunan jikar maƙwabciyarmu hira ta karkata kan kaji, na zauna ina tsintar shawarwari, don kazata ta shiga kwanci.

Duk sun yarda kada a cika mata ƙwai. Kazar gida takwas zuwa goma sha biyu take iya rufewa, wanda ya leƙo waje sanyi ya taɓa shi, baragurbi ne. A sa wa kowane ƙwai alamar gawayi, domin wata kazar kan shigo ta ƙara sabo. Kwana 21 take ƙyanƙyashewa, amma in ƙwan zabo aka sa mata sai ta kai 26 zuwa 28, saboda haka ba a haɗa su rana ɗaya.

Inda aka daɗe shi ne ƙuma. Inna ta ce ta ga kaza ta tashi daga gurbi saura kwana uku, tana ta soshe-soshe, ƙwan duk suka lalace. Maganinta toka a ƙasan gurbi da sabuwar ciyawa kafin a zuba ƙwai. Ni ma na gamsu da wannan. Ruwa da tsaba kuma a ajiye kusa, kada ta yi nisa.

'Yan tsaki a kife su da kwando tare da uwarsu makonnin farko, saboda shirwa. A ba su tsakin gero da gara, ruwansu a faifan murfi mara zurfi.

Wata da ke kiwo da yawa ta ƙara da cewa a ɗiga musu rigakafin cutar kaji ta Newcastle, na cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, kafin hunturu ya shigo.