Ta ina zan fara bin salsalar gidanmu?

Ɗan Ƙofar Mazugal:
Salam jama'a, don Allah ina neman shawara. A gidanmu iya sunan kakan babanmu muka sani, an ce Ba'agale ne yana fataucin goro zuwa Gwanja, wai ma ya bar iyali a can, shi ke nan babu wanda ya san gari ko shekara. Yanzu yarana sun fara tambaya kuma ba ni da amsa, abin yana damuna wallahi.

Maman Ummi:
Wa alaikumussalam. Malam ka fara da tsofaffin mata, goggonninka da kakanni in da sauransu, su suka riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Ka je da goronka ka zauna ka kunna rikodin a waya, kar ka tambaye su shekara don ba haka suke lissafi ba, ce musu zamanin wane sarki, ko kafin yunwar Kakalaba ne ko bayanta. In goggo ta ce zamanin Sarkin Kano Abbas ka san tsakanin 1903 da 1919 ke nan, Kakalaba kuma wajen 1914. Kuma ka yi sauri, tamu kakar ta rasu da abubuwa da yawa a bakinta.

Bazazzagi:
Ƙari a kan na Hajiya, ka duba gafakar Alƙur'anin gidan, malaman zamanin da suna rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bango ko 'yar takarda. Takardun gado da na gona ma akwai sunaye. Wanzamin gidanku shi ma kar ka raina shi, daga tsagar fuska zai gaya maka dangi. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Arewa House suna da rahoton gundumomi na zamanin Turawa, amma hakimai da dagatai za ka fi samu, talaka da wuya.

Ɗan Zongo:
Yallaɓai daga Kumasi nake. Gwanja ɗin nan galibi garin Salaga da ke Ghana ake nufi, amma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake sun watse, wasu Kete Krachi wasu Yendi wasu nan Kumasi, so kar ka tsaya Salaga kawai. Samo cikakken sunansa da laƙabinsa da sunan maigidan da yake sauka wurinsa, sai a kai wa sarkin zongo da limamai.

Ɗan Ƙofar Mazugal:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai goggonmu a Bebeji, ranar Asabar in sha Allahu zan je. Ɗan Zongo zan neme ka in na samo laƙabin.