Jama'a, me za mu kira "holding tank" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ke aiki a jirgin kamun kifi na teku a Legas ya zo Daura hutu, muna zaune tsakar gida bayan isha'i sai Inna ta tambaye shi, to kai in kun yi sati uku bisa ruwa ina kuke kewayawa, kuma ina abin ke zuwa? Yaro ya fara bayani tiryan-tiryan, da ya iso kan tankin nan sai Hausa ta ƙare mashi ya koma Turanci, Inna tana kallon shi kawai. Abin ya tsaya mani a rai wallahi.

Ga yadda abin yake. Banɗakin jirgi ba rami gare shi ba, famfo ne ke tura bahaya ta bututu zuwa wani rufaffen tanki a cikin jirgi, da ɗan bututun shan iska saboda wari, yana nan har a iso tasha a zuƙe, kamar dai yadda motar kwasar masai ke yi a gari. Wasu jiragen kuma inji gare su mai niƙe najasar ya sa mata magani kafin a sake ta, amma shi yana cin wuta da gyara, shi ya sa mai ƙaramin jirgi ya fi samun sauƙi da tanki. Kuma doka ce ba son rai ba. Sashe na 4 na MARPOL, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta hana jirage gurɓata teku, wanda ya fara aiki a 2003, ya hana manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe zubar da ɗanyar najasa sai sun yi nisan fiye da mil 12 na ruwa daga gaɓa, wajen kilomita 22 kenan, kuma jirgi na tafiya ba a tsaye ba. Wadda aka niƙe aka kashe ƙwayoyin cutarta kuwa, sai an wuce mil 3 ake zubar da ita. A Najeriya NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa, ke kula da wannan.

Da na sa tambayar jiya wani ya ce sokawe. Malam ka yi haƙuri amma sokawe aikinta ta bar ruwa ya tsiyaye ƙasa ta shanye, shi kuwa tankin nan ranar da ya tsiyaya ranar ya lalace. Shadda da salga ma haƙa su ake a ƙasa. Wata baiwar Allah ta kawo rumbun najasa, ma'ana ta fito, sai dai ni bakina ya ƙi ɗauka, rumbu inda muke zuba gero da dawa, ba ni son in ji shi jere da najasa. Tankin masai ya yi kusa sosai kuma kowa zai gane, illarsa ɗaya bai nuna cewa ajiyar ta ɗan lokaci ce ba, alhali nan ne duk hikimar take.

Ni abin da nike gani shi ne TANKIN RIƘO. Mun san 'yar riƙo, mun san riƙon ƙwarya, abu ne ke hannunka kafin ka miƙa shi inda ya dace. Inda ake son cikakken suna a ce tankin riƙon najasa. Na gwada ma Inna da safe, na ce tankin riƙo ne, ta ce au, sai sun sauka kenan a kwashe. Ban ƙara mata ko kalma ba.

Kada wani ya ce ina ruwan Bakatsine da teku. Masuntanmu na wuni cikin kwale-kwale a Zobe da Jibiya da Ajiwa, ruwan Ajiwa kuwa shi ake tacewa a turo cikin Katsina, kuma mun san abin da amai da gudawa ke yi mana da damina. In za a je wajen Sarkin Ruwa a ce a riƙa sa ko da bokiti mai murfi ne a jirgi a fito da shi tudu, dole da sunan da zai shiga kunne za a je.

Saura injin niƙan. An ce injin markaɗe, shi ma ya kai ni ga tattasai da wake. Malaman Hausa na jami'ar Umaru Musa, don Allah ku sa baki a wannan.