Nawa Ne Tukuici? Musayar Waƙa Tsakanin Yamai da Tawa

Uwargida daga Bukoki, Yamai

Salamu alaikum ƴan uwa. Abu ne ƙarami amma ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Buhun hatsi mai kilo 100 wani yaro ya turo min daga cikin kasuwar Wadata har bakin titi inda ake samun taksi. Ga yadda muka yi:

Da sunan Rabbana zan buɗe zance,
Shi ke ciyar da bayi kan adalci.

Ku taso ƴan uwa ku ba ni haske,
Nawa ya dace a ba da tukuici?

Na sai buhun hatsi can Wadata,
Rana tana tsaka, gari da ƙunci.

Yaro ya ɗora shi bisa baro,
Ƙafa ba takalmi, ciki ba abinci.

Dala hamsin muka yi tun farko,
Na ƙara ashirin don mutunci.

Ya ce "Madalla Inna", ya juya,
Ni ko da dare na kasa barci.

Shin rowa na yi ko na kyauta?
Ku auna min, ku yanke hukunci.

Ɗan Zongo, ya zo hutu daga Amurka

Hajiya, ni aikin gidan abinci nake yi a can. Kowa ya san ƙa'ida: kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abin da ka ci. Dalili kuwa, dokar tarayya ta yarda a biya mai kai abinci dala 2.13 kawai a awa, dalar Amurka nake nufi ba tamu ta sefa 5 ba, kuma tun 1991 adadin bai motsa ba. Tukuici shi ne albashinsa. A Faransa kuɗin hidima na cikin takardar biya tun farko.

Hajiya ki huta da dogon nazari,
Lissafi ke raba mutum da garari.

Kuɗin da kika biya ki duba,
Ki ɗora goma ko ashirin cikin ɗari.

Kin ba shi ashirin bisa hamsin,
Arba'in cikin ɗari, kin yi alheri.

Ki kwanta ki yi barcinki Hajiya,
Abin da kika yi ya hau tsari.

Tsohon malamin lakkwal, Tawa

Ɗana wanga mudu naka na can ne,
Ba shi auna abin da ka bisa wuya.

Buhun albasa ranar Lahadi Tawa,
Shina karya ƙato, shi tanƙwara baya.

Zobe guda ya hi buhu goma tsada,
Wa anka ba dako don ɗaukar zinariya?

In ladan da kanshi an matse shi,
Kashinka cikin ɗari bai kai ga miya.

Abu ukku nika dubi in zan ƙara,
Nauyi, da rana, da nisan hanya.

Na huɗunsu aljihun da ni ka ɗauke,
Daidai ruwa daidai tsaki, ba kunya.

Ɗiyata ki sake duba ukkun nan,
Zuciyar da ta hana ki kwana ta yi gaskiya.

Ku ƙyale ni in ƙara kaɗan ba da waƙa ba. Muna yara, ranar babbar Salla, uwayenmu ka ɗora muna naman layya a akushi mu kai gidajen dangi. Kowane gida munka shiga sai tsohuwa ta kwance bakin zane ta hiddo dala guda, wata dabino, wata goro ta ce a kai ma Inna. Ba ta san kuɗɗin naman ba, ba ta tambaya ba. Ƙahwar da ta tako take dubi. Shi ya sa anka ce yaba kyauta tukuici, kuma wanda ya kawo albishir ma goronshi daban ne. Lada ciniki ne, la'ada ta dillali ce, gyara ta mai saye ce. Tukuici shi kaɗai ba a tayawa.

Tsohon ɗan garuwa, Talaje

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni na ɗanɗana abin da bakina. Jarka 10 masu lita 25 kilo 250 ke nan, ban da nauyin kurar kanta.

Baba ka faɗi, bari in ɗora,
Ni na yi shekara bakwai garuwa.

Jarka goma nake turawa a kura,
Cikin rairayin Talaje ba inuwa.

Wata za ta ja ciniki har ta gaji,
Ta rage dala biyar a kuɗin ruwa.

Ranar Juma'a ta miƙo sadaka,
Abin da ta rage ne take mayarwa.

Ku cika lada tukuna, Manzo ya ce
A biya kafin gumi ya kai ga bushewa.

Akwai wata tsohuwa, Allah jiƙanta,
Ba ta da ko dala ta ƙarawa.

Sai ta aje min fura mai sanyi a ƙwarya,
Cikin zafin Afrilu, har yau ina tunawa.

Mai shagon kitso, Lazare

Ga mai son lissafi, ga wanda nake yi. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jikka 42 ne a wata, wato sefa 42,000, da can sefa 30,047 ne. In an raba kwana 30, sefa 1,400 ke nan a yini. To dala ɗari, wato sefa 500, ta fi sulusin yinin ma'aikaci. Mai koyon sana'a kuwa ko wannan albashin ba ta da shi.

Kira nake gare ku ƴan uwa mata,
In kun zo kitso ku dubi ƴammata.

Kuɗin kitso nawa ne, ni ke da shago,
Mai koyo sai abin da kuka ba ta.

Awa huɗu tana tsaye bisa kanki,
Yatsu sun sage, ba ta huta.

Dala ɗari ki dunƙule a hankali,
Ki sa a hannunta, kar ki shelanta.

In babu canji yau ki gaya mata,
Gobe ki aiko, kar ki manta.

Malamin allo, Tawa

A yi hattara da abu guda. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aiki wani karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka yi min. Sai ya tsawatar, ya ce me ya hana shi zama gidan uwayensa ya ga ko kyautar za ta zo.

Tukuici bayan aiki yake zuwa,
Ga wanda ba shi da iko a kanka.

Wanda ya ce "kawo na goro" tukuna,
Kafin ya sa hannu a takardarka,

Wannan cin hanci ne, ɗan'uwa,
Kar ka ƙirga shi cikin alherinka.

Uwargida daga Bukoki, Yamai

Na gode muku duka. Maganar ɗan'uwanmu na Talaje ta fi taɓa ni, don yaron dala ɗari ya fara cewa, ni na ja har muka sauka hamsin.

Na koma Wadata jiya da hantsi,
Na iske shi gindin bedi kan benci.

Ashe baron ma na haya ne,
Sai ya biya mai shi kafin ya ci.

Na ba shi hamsin na ce cikon lada,
Na ɗora hamsin na ce ga tukuici.

Ya dube ni ya ce "Inna kin tuna ni?"
Ya nufi mai dambu neman abinci.

Baba na Tawa, saura guda. Yaron da ke gadin babura ƙofar masallaci ranar Juma'a ba ya ɗaukar nauyi, ba ya zuwa nesa, rana ce kawai ke dukansa har a sallame. Maigidana dala goma yake ba shi. Da wace tiya za a auna wannan?