Wa ya taɓa kwana shi kaɗai a hamada? A zo a ba mu labari

Sabon shiga: Salam 'yan uwa. Ina shirin tafiyar kwana 4 da mota ta cikin hamada ni kaɗai, da dare in kafa tanti, da safe in ɗan taka da ƙafa. Waɗanda suka taɓa yi, me ya fi ba ku wahala?

Direban dare: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ni dai sanyi ne wallahi. Na tafi da lissafin zafi kawai, ko bargo ban ɗauka ba, wajen ƙarfe 3 na dare haƙorana sai kaɗawa suke, dole na bar tantin na koma mota na dunƙule. Ashe da yake ba gajimare ba laima a iska, duk zafin da yashi ya sha da rana tserewa yake da zarar rana ta faɗi, lokacin hunturu har kusan digiri 0 yana kaiwa.

Mai yawon duwatsu: Ruwa malam, ruwa. Lita 4 a rana na sha kaɗai shi ne mafi ƙaranci, banda na lagireto. Ni jarka ɗaya babba na cika, ta yi ta gogar jak a but har ta huje, ban ankara ba sai da na ga kafet ya jiƙe sharkaf, tun daga ranar rarraba shi nake gida uku. In ka fita da ƙafa ka fita da asuba ka dawo kafin 10, kuma da gorarka ta kai rabi ka juyo, ko da dutsen da kake hari yana gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Hamada ƙaryar nisa gare ta.

Kafe-kafe: Hhh ni motata ce ta kafe, na yi ta danna totur tana ƙara nutsewa har cikinta ya zauna a yashi. Awa 2 ina haƙa da murfin tukunya don ba shebur. Ka rage iskar taya zuwa PSI 18 (ma'aunin iskar taya kenan) kafin ka shiga rairayi, in ka fito ka sake cika ta da famfo.

Direban dare: Af na manta, kar ka yarda ka kwana cikin busasshen kwari don ka ga inuwa da laushin ƙasa. Sai a yi ruwa can nesa inda ko hadari ba ka gani ba, ambaliya ta biyo kwarin tsakar dare.

'Yar tanti: Ni kunama na zazzago daga takalmina da safe, Allah ne ya tsare ban zura ƙafa ba. Sannan ba sabis, ka sauke taswira a waya tun kafin ka tashi, ka faɗa wa wani hanyarka da ranar dawowa. In mota ta mutu ka zauna jikinta, masu nema mota suke fara hangowa ba mutum ba.

Sabon shiga: Na gode ƙwarai, bargo da shebur sun shiga jaka. Famfon taya fa, na hannu ko mai jona batir?

Kafe-kafe: Mai jona batir, amma ka bar inji a kunne kana busawa, in ba haka ba ka cika taya huɗu mota ta ƙi tashi.