An ba ni Bayokemistiri, ni kuwa likitanci nake so

Mai tambaya, daga Gwale:
Assalamu alaikum. Likitanci na cike a JAMB, sai Bayokemistiri ya fito min. A gida an ce in karɓa, wai in na dage a aji ɗaya za a mayar da ni likitanci. Yayyena da kuka bi ta nan, don Allah yaya kuka yi?

Ɗan aji biyar a likitanci:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Wannan "za a mayar da kai" mu ma ita aka lallashe mu da ita. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, hukumar MDCN, mai kula da aikin likitanci a Najeriya, ita ce ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Waɗanda aka ɗauka tun farko sun riga sun cike gurbin, to kai ina za a saka ka? Ana samun masu canjin, amma ba abin da mutum zai jingina da shi ba ne.

Ni Maikrobayoloji aka ba ni. Na karɓa, da safe lacca, bayan la'asar tsoffin tambayoyin JAMB: Turanci, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks. Fiziks ne ya kayar da ni da farko, don haka shi na fi ba lokaci. Da na samu, aji ɗaya na koma, na zauna da waɗanda na bari a sakandare. Yanzu kullum muna asibitin Malam Aminu Kano, ba wanda ke tambayar shekarar da wani ya shigo.

Wata 'yar'uwa, daga Kabuga:
Ni doguwar hanya na bi. Na gama Fisiyoloji, na yi hidimar ƙasa, sannan na nemi shiga kai tsaye, wato DE, aka sa ni aji biyu. Ka lissafa da kanka: 4 na digiri, 1 na hidima, 5 na likitanci, shekara 10 ke nan, kafin shekarar horon asibiti, ba a ma sa yajin aiki ba. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. A tsakanin nan na yi aure na haihu.

Ribar da na gani, lokacin da Anatomi da Fisiyoloji da Bayokemistiri ke sa 'yan ajinmu kuka kafin babbar jarrabawar da ke raba mutum da shiga asibiti, ni bita nake yi. Sai dai gurbin DE kaɗan ne ƙwarai. In ka raina kwas ɗin da kake ciki ka fita da sakamako mai rauni, ka rufe wa kanka wannan ƙofar ma.

Wanda ya dawo daga Khartoum:
Baba gona ya sayar ya tura ni Sudan. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka kwashe mu a bas zuwa iyakar Masar, daga can jirgi ya kawo mu gida. Neman takardun sakamakona kaɗai ya zama wani aiki. Kuma duk wanda ya karanto a waje, sai ya ci jarrabawar MDCN kafin a ba shi lasisi.

Malama a ɗakin gwaje-gwaje:
Bari in ɗan saɓa muku. Ni na zauna a inda aka sa ni, kuma ban yi nadama ba. Ƙanena, likitancin kake so, ko so kake a ce "Dakta ya shigo" a gidan biki? Nemi wani ɗan'uwa likita ya ba ka labarin kwanan aiki a sashen gaggawa na asibitin Murtala, ka ji ko ranka zai ɗauka.

Mai tambaya:
Na gode, Anti, so nake har zuciya. Zan sake JAMB ɗin. Amma Fiziks ɗina na NECO ne, sauran na WAEC. Akwai matsala?

Ɗan aji biyar:
Akwai fa. Jami'o'i da yawa suna son kiredit biyar ɗin a zama ɗaya, wato daga jarrabawa guda, in likitanci ne. Duba sharaɗin wadda za ka cike tun yanzu. In haka ne, ka yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara kafin a rufe.