Wa ya taɓa bin hanyar White Rim da mota? Ina neman shawara

Baban Ummi:
Salam jama'a. Mu ne muka haɗa motoci biyar muna so mu shiga White Rim ɗin nan, hanyar ƙasa ta gandun Canyonlands a jihar Yuta ta Amurka, cikin watan Mayu, kwana uku a tanti. Matsalar ɗaya daga cikinmu motarsa ba fowil ba ce amma ya dage wai tana da tsayi kuma in ta maƙale ai sai mu ja shi. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya faɗa min gaskiya kafin mu je mu ji kunya.

Mai Land Cruiser:
Wslm Baban Ummi. Tun kafin a zo kan motar abokinka lissafinku ya riga ya karye, don takardar izinin kwana a hanyar nan mota uku kawai take ɗauka, mutum 15, ku kuma motocinku biyar ne. Kuma izinin lokacin nan wawarsa ake a shafin intanet na Recreation.gov, watanni kafin lokaci an cinye wuraren kwana masu kyau. Shi kuma mai motar ka ce masa ya haƙura, doka ce ma sai fowil mai tsayi mai lo giya. Mil 100 ce fa hanyar, ba gidan mai ba famfo, waya ma sai dai ka ɗau hoto da ita.

Maman Khalil:
Ni dai saukowar Shafer, gangaren da ake bi a shiga White Rim ɗin, ba zan manta ba, hanya ta yi ta nannaɗewa a jikin dutse kamar igiya, in ka leƙa taga ba ka ganin bakin titi sai rami, na rufe ido ina ta salati maigida yana min dariya, can sai ga shi shi ma ya yi tsit da muka haɗu da wata mota a kwana dole sai da ya ja da baya. Ruwa ku ɗauka da yawa, lita 4 duk mutum a rana shi ne mafi ƙaranci, mu haka muka auna daidai kuma ranar ƙarshe da ƙyalle muka goge kwanuka. Ba a hura wutar itace, ku tafi da risho na gas.

Mai Land Cruiser:
Na manta ma, Mayu da Yuni kogin Green yakan cika in ƙanƙarar duwatsu ta narke, ya shanye hanyar ta ɓangaren yamma, sai ka ci mil tamanin a ce juya. Ku tambayi ma'aikatan wurin kafin ku shiga, kuma man da zai ishe ku komawa baya za ku ɗauka. In hadari ya haɗo kar ku kusanci tudun Hardscrabble da ke kan hanyar, jar ƙasar nan in ta jiƙe sabulu ce. Janyo mota daga ciki kuma sai ta haura dala 1,000.

Baban Ummi:
Kai, dala dubu! To wannan zan tura masa kawai ba sai na yi dogon bayani ba. Za mu matse a mota uku shi ya shiga tawa. Hajiya, Shafer ɗin da safe kuka sauka ko da yamma?

Maman Khalil:
Da sassafe, kafin masu keke su cika hanya.