Koya wa yara awon lita: shawarwarin malamai

Da muka tattauna da malaman firamare kan wannan darasi, bakinsu ya zo ɗaya cewa kada a fara da allo. A kawo bokitin ruwa, da gorar lita ɗaya, da ledar fiya wata mai cin mililita 500. Yaro ya juye leda biyu, gora ta cika, ya ga rabi da idonsa kafin a gaya masa lita mililita 1000 ce.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce a juye ruwan doguwar kwalba cikin faffaɗan kwano. Yara da yawa za su rantse ruwan ya ragu, sai a mayar da shi kwalbar su gani. Mudu kuwa a jinkirta shi, tunda girmansa ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.